Tukunyar Gas Ta Rabin Kilo: Arahar Da Ke Cin Rai

Duk shekara, da zarar sanyi ya kama a arewacin Amurka da Kanada, kasuwar wata 'yar koriyar tukunyar gas takan buɗe. Girmanta bai wuce a riƙe ta da hannu ɗaya ba, gas ɗin da ke cikinta kuma laba ɗaya ne, wato ƙasa kaɗan da rabin kilo. Masu kamun kifi a kan tafkunan da suka daskare a jihar Minesota, da mafarauta, da masu kwana a tanti, da iyalan da aka ɗauke wa wuta a tsakiyar dusar ƙanƙara, duk ita suke ɗaura wa ƙaramar hitar da ake ɗauka a hannu don su ji ɗumi. An ƙiyasta cewa ana sayar da irinta kusan miliyan 40 a kowace shekara a Amurka.

Matsalarta ita ce saurin ƙarewa. Hita irin ta Mr. Heater Buddy, wadda ta fi yawa a hannun jama'a, takan shanye tukunya guda cikin awa uku idan an ƙure ta, ko awa biyar zuwa shida idan an rage wuta. Ga shi kuma kuɗin gas a ƙaramar tukunya ya ninka na babbar tukunya mai kilo tara sau da yawa. Wannan ya sa mutane da dama suka koma sayen wani ɗan mahaɗi na tagulla, su haɗa bakin babbar da na ƙaramar, su kifa babbar, su yi ɗuri da kansu a gareji. Kuɗi dai sun ragu, amma abin da ake sakawa a caca shi ne rai, kuma duk wanda ya fahimci halin wannan gas zai ga dalili.

Halin gas a cikin tukunya

Sunan gas ɗin furofen. Wani masanin sinadarai ɗan Amurka, Walter Snelling, ya gano shi a cikin tururin da ke tashi daga fetur a shekarar 1910. A sararin Allah iska ne, domin yana tafasa tun a digiri 42 ƙasa da sifiri. Sai an matse shi da ƙarfi yake zama ruwa, kuma a ruwan ake ɗura shi. Shi ya sa idan ka girgiza tukunya za ka ji motsi a ciki. Lita ɗaya ta wannan ruwa, idan ta samu hanyar fita, takan zama lita 270 ta iska.

Matsin da ke cikin tukunya yana bin zafin gari ne. A digiri 21 ya ninka iskar tayar ƙaramar mota fiye da sau uku, a digiri 38 kuwa ya haura ninki biyar. Sannan shi kansa ruwan yana kumbura idan ya ji zafi, kumburin da ya fi na ruwan sha kusan sau 17. Ruwan gas da aka ɗura a digiri sifiri, idan ya kai digiri 40, girmansa ya ƙaru da fiye da kashi goma cikin ɗari.

Daga nan aka samo ƙa'idar da duk masu sana'ar gas a duniya suka sani: ba a cika tukunya fiye da kashi 80 cikin ɗari. Kashi 20 ɗin da aka bari a sama shi ne wurin da ruwan zai kumbura ya shiga. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Idan aka cika tukunya maƙil, rana ta buga ta, matsin zai yi tsalle nan take, kuma ɗayan biyu ne zai faru: ko bawul ɗin tsaro ya buɗe ya feso gas, ko ƙarfen ya tsage.

Abin da ya sa ƙaramar ta fi haɗari

Tun daga 1998 ake ƙera tukwanen Amurka masu ɗaukar laba 4 zuwa 40 da wata na'ura a ciki wadda ke toshe baki da kanta idan ruwa ya kai iyaka, kuma daga watan Afrilun 2002 ƙa'idar masu gas ta hana cika wadda ba ta da ita. Ita ƙaramar ta laba ɗaya ba ta da wannan na'ura, saboda ba a yi ta don a sake cika ta ba. Lambar da ke jikinta, DOT-39, ma'anarta ke nan: a cika sau ɗaya a masana'anta, a yi amfani, a yar. Ƙarfenta siriri ne, an auna shi ne daidai da aikin zuwa ɗaya. Duk sake cikawa yana sa shi ya buɗe ya tsuke, ɗinkin walda yana gajiya, tsatsa tana ci daga ƙasa, kuma babu wata hukuma da ke sake gwada ta.

Bakinta ma haka. Ɗan bawul ne mai tsinke a tsakiya da robar da ke toshe shi. Bayan an ɗaura an kwance sau da yawa, robar takan saki, sai ya riƙa yoyo a hankali, wani lokaci ba tare da an ji ko ƙara ba.

Sai dabarar da masu ɗurin gida ke koya wa juna, wadda ita ce mafi muni. Sukan saka ƙaramar a firiza kafin ɗuri, don matsin cikinta ya sauka, gas ya shiga da yawa. Wasu har sukan ja tsinken bawul ɗin tsaro da filaya don iska ta fita, ruwa ya ƙara samun wuri. A ganinsu sun ci riba tunda tukunya ta yi nauyi. A zahiri sun cinye kashi 20 ɗin nan ne, sun kuma taɓa lafiyar bawul ɗin da zai cece su. Daga nan a jefa ta cikin but ɗin mota, ko a ajiye ta a tanti kusa da hita mai ci, ta ɗumama, ta fara feso gas a gefen wuta.

Kada mai karatu ya raina rabin kilo. Furofen yana kamawa da wuta idan ya kai kashi 2.1 zuwa 9.5 cikin ɗari na iskar wuri. Abin da ke cikin wannan 'yar tukunya, idan ya fita duka, ya kai kimanin lita 250, wadda ta kusa isa ta mayar da iskar ɗaki mai faɗin mita biyu, tsawon mita uku, da tsayin mita biyu ta zama abin fashewa. Ya kuma fi iska nauyi sau ɗaya da rabi, don haka ba ya tashi sama ya watse. Ƙasa yake bi, ya kwanta a rami da ƙarƙashin gado da kwalbati, yana jiran tartsatsi daga makunnin lantarki ko injin firji. Idan kuma ruwan ya fantsamo a hannu lokacin ɗuri, yakan ƙona fata da tsananin sanyi.

Asalin furofen ba shi da wari. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da muke ji wani sinadari ne ake zubawa da gangan, al'adar da ta kafu bayan gas ya tashi da wata makaranta a garin New London na jihar Tekzas a watan Maris na 1937, inda kusan mutum 300 suka rasu, yawancinsu yara. Amma tsatsar cikin tsohuwar tukunya tana iya shanye wannan wari, mai mura ko mai barci kuma ba lallai ya ji shi ba.

Hukunci da mafita

Ma'aikatar sufuri ta Amurka ta daɗe tana gargaɗin kada a sake cika waɗannan tukwane. A jikin kowace an rubuta cewa dokar tarayya ta haramta ɗaukar ta a hanya idan an sake cika ta, kuma hukuncin yana iya kaiwa tarar dala 500,000 da ɗaurin shekara biyar. Sai dai tsoratarwa kaɗai ba ta hana mai neman sauƙi. Abin da ya fi tasiri shi ne fitowar ƙananan tukwane masu kaurin ƙarfe, irin na kamfanin Flame King, waɗanda aka ƙera tun farko don a riƙa cikawa. Suna da ɗan bawul a gefe da ke nuna cewa ruwa ya kai iyaka, a dakata. Jihar Kalifoniya ta ƙara gaba: a 2024 Gwamna Gavin Newsom ya sa hannu a dokar da za ta hana sayar da tukwanen zuwa ɗaya daga ranar 1 ga Janairun 2028, saboda tulin sharar da suke haifarwa da gobarar da suke tayarwa a motocin kwashe shara.

Haɗari na biyu yana cikin ɗaki

A ce tukunya lafiya lau take, saura hitar kanta. Wuta tana cin iskar oksijin ɗin da muke shaƙa. Idan iska ta wadata, harshen wutar shuɗi ne, abin da ke fita kuma tururin ruwa ne da iskar da mu ma muke fitarwa a numfashi. Idan aka rufe ƙofa da taga, oksijin ya ragu, ko ƙura ta toshe kan hitar, sai ƙonewar ta zama rabi da rabi, wutar ta koma ruwan ɗorawa, ta fara fitar da guba mai suna kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma tana manne wa jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya. Alamunta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, abubuwan da mutum zai ɗauka gajiya ce ko zazzaɓi, ya gyara kwanciya. Mai barci kuwa ba ya farkawa.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce wannan guba tana kashe fiye da mutum 400 a ƙasar kowace shekara ba tare da gobara ba, tana kuma kai fiye da 100,000 sashen gaggawa na asibiti. A watan Fabrairun 2021, lokacin da sanyi ya durƙusar da lantarkin Tekzas, hukumomin jihar sun ƙirga mutum 246 da suka rasu, 19 daga cikinsu ta wannan hanya, suna ƙoƙarin ɗumama jiki da janareta da murhun gashi da motoci a rufaffen wuri. Hitocin da aka amince a kunna a ɗaki suna da na'urar da ke kashe wuta idan oksijin ya sauka daga kashi 21 zuwa wajen 18, da wata da ke kashewa idan hitar ta faɗi. Duk da haka masu ƙera su sun rubuta ƙarara cewa a bar kafar iska, kuma kada a yi barci tana ci.

Inda zancen ya shafe mu

Ba mu da dusar ƙanƙara, amma muna da hunturu, muna kuma da ƙananan tukwane masu kilo uku da kilo shida a ɗakunan ɗalibai da na amare da teburan masu shayi. Gas ɗinmu na girki gaurayen butan ne da furofen, kuma duk ƙa'idojin da aka ambata suna hawa kansa, zafin Maris da Afrilu ma ya ƙara tsananta su. Abin da Ba'amurke ke yi a ɓoye a garejinsa, mu a bakin titi ake yin sa: a jingina babbar tukunya a shago, a ja tiyo zuwa ƙaramar, ga mai walda a dama, ga mai suya a hagu. Mai saye kuma yana tsaye yana cewa, "Malam, ɗan ƙara mini, cika ta sosai."

Mun ga sakamakon. Ranar 4 ga Janairun 2020 wani shagon ɗurin gas ya fashe a Sabon Tasha da ke Kaduna, cikin waɗanda suka rasu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Najeriya. A Gana, fashewar da ta auku a mahaɗar Atomic kusa da Madina a birnin Akara, a watan Oktoban 2017, ita ta sa gwamnati ta rungumi tsarin musaya: ka kawo tukunyar da ta ƙare, a ba ka cikakkiya wadda aka duba aka cika a masana'anta, nesa da gidajen jama'a. Hukumar kula da ingancin kaya ta Najeriya ta sa wa tukunya wa'adin shekara 15, amma gidaje nawa ne suka taɓa duba shekarar da aka buga a wuyan tasu? Kaskon gawayin da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa a daren sanyi kuwa, gubar da yake fitarwa ita ce dai wadda ta kashe mutanen Tekzas.

Idan irin wannan ta faru mukan ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Ƙaddara gaskiya ce, amma ganganci ma gaskiya ne, kuma an hore mu da mu ɗaure raƙumi kafin mu yi tawakkali. Tukunyar da aka rubuta wa amfani sau ɗaya, a yi amfani da ita sau ɗaya. Wadda ake sake cikawa, a kai ta wurin da ke da lasisi da sikeli, a fili, a tsaya a nauyin da aka rubuta mata. A gwada baki da tiyo da ruwan sabulu, kada a kusanto da ashana. A ajiye ta a tsaye, a inuwa, a wajen ɗakin kwana, kada a bar ta cikin rufaffiyar mota. Wadda ta yi tsatsa ko ta lotsa, a rabu da ita. In an ji wari, kada a taɓa makunni, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofofi, a fita. In mutanen ɗaki guda suka tashi da ciwon kai tare alhali akwai wuta a ciki, a fitar da su iska nan take a nufi asibiti.

Hukumomin da ke ba da lasisin gas su fitar da shagunan ɗuri daga cikin unguwanni, su sauƙaƙa wa ƙananan 'yan kasuwa hanyar shiga tsarin musaya don kada a raba su da abincinsu. Kai kuma mai saye, idan mai gas ya tsaya a inda sikeli ya nuna ya ƙi ƙara maka, kada ka zarge shi da ƙwange. Wannan shi ne wanda ya san aikinsa, kuma wurinsa ya kamata ka riƙa komawa.