Gara da Tururuwa

Bahaushe ya daɗe da raba musu matsayi: tururuwa ma'aikaciya, gara ɓarauniya. Tururuwa har sura take da ita a Alƙur'ani, inda aka ba da labarinta da Annabi Sulaiman. Gara kuwa ba a ambatonta sai ta cinye azara ko ta shiga adakar littattafai.

Duk da kamar da suke yi, ba dangi ba ne. Tururuwa 'yar uwar ƙudan zuma ce da zanzaro, shi ya sa ƙugunta yake a tsuke. Gara kuwa jinin kyankyaso ce, jikinta fari-fari mai taushi, ma'aikatanta makafi, ba sa jure rana. Saboda haka take lulluɓe hanyarta da laka kafin ta taka itace. Ita tururuwa a fili take aikinta. Ka tsaya bakin gona bayan girbi ka ga jerin gwanonta, kowace ɗauke da ƙwayar gero ko irin ciyawa, ga ƙaiƙayi tsibi a bakin rami. A shekarun yunwa mata kan tona ramin nan su kwashe abin da ta tara, kamar yadda aka gani a Nijar a 2005.

An ce in tururuwa ta tashi lalacewa sai ta yi fiffike. Ga namiji maganar ta tabbata, domin bayan tashin aure na farkon damina mutuwa yake yi. Macen kuwa karya fukafukanta take yi, ta shige ƙasa ta kafa sabon gida. Gara ma tana wannan tashi, shi ne shingen da yara ke tarawa a gindin fitila su soya, sai dai a wajenta sarki na zama da sarauniya cikin shuri shekara da shekaru.

A ganina an zalunci gara. Cikin shuri noma take yi: tana tauna kara da busasshen ganye, ta shuka wani irin naman gwari a kai, da shi take ciyar da gida. Manoman Illela a jihar Tawa sun san darajarta. Sukan haƙa ramukan tassa a faƙon da ya gagari garma, su zuba taki, gara ta bi takin ta huda ƙasa. In ruwa ya sauka sai ya nutse maimakon ya gudu, gero ya tsiro a inda aka daɗe da cire rai.