Dalilin da ya sa siririn zaren ƙarfe ke tsinkewa da kansa

Kowace wayar salula tana ɗauke da zaruruwan ƙarfe da ido ba ya gani, waɗanda ke kai lantarki daga wannan sashe zuwa wancan. Da nanomita ake auna kaurinsu, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. Silin gashin mutum kan kai nanomita dubu 80. Abin da ke ci wa injiniyoyi tuwo a ƙwarya shi ne, idan ƙarfe ya sirance haka, halinsa kan sauya.

A tsakiyar curin zinari, kowace ƙwayar zarra tana da maƙwabta 12 da ke riƙe da ita. Wadda ke gefe ba ta da wannan gata. A siririn zare kuwa, kaso mai yawa na ƙwayoyin a gefe suke, riƙonsu sakwa-sakwa, don haka zafi kaɗan ya isa su fara yawo. Sukan bar inda zaren ya tsuke su taru inda ya yi kauri, har ya yanke ya koma 'yan dunƙule-dunƙule, kamar yadda siririn ruwan famfo ke rabuwa ɗigo-ɗigo. Jan ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1,085, amma siririn zarensa kan wargaje tun a wajen digiri 500.

Sai dai ƙwayoyin suna da tasu dabarar. A 1998, ayarin Kunio Takayanagi a Japan da wasu masana a Jami'ar Leiden ta ƙasar Holan, kowa da nasa binciken, sun nuna cewa zinari kan miƙe ya zama sarƙa mai kaurin ƙwaya ɗaya tak. A 2000 kuma Takayanagi da Yukihito Kondo suka gano cewa zaren zinari mai kaurin kusan nanomita ɗaya kan watsar da tsarin da aka san zinari da shi, ya murɗe tamkar igiya: layi bakwai na ƙwayoyi kewaye da layi ɗaya, ko 11 kewaye da huɗu. Wannan murɗiya ce ke ba shi ƙarko.

An dai ga waɗannan ne a na'urar bincike da aka zuƙe wa iska. A kasuwa lamarin ya fi wuya. Zaren azurfa da ake shimfiɗawa a wasu allunan taɓawa yana fuskantar zafi da danshi da sinadarin farar wuta da ke cikin iska, shi ya sa masana'antu ke lulluɓe shi da rufi na kariya.