BABI NA UKU: LAMBUN CIKIN GIDA A ƘASAR HAUSA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan noman damina da noman rani na fadama. Wannan babi kuwa zai dubi wani nau'in noma da ba a cika kulawa da shi ba, watau shuke-shuken da Bahaushe yake yi a cikin gidansa ko a bayan gida. Abin da ake son nunawa shi ne, lambun gida ba ƙaramar gona ba ce. Tukunyar miya ce take tsara abin da za a shuka a cikinsa, ruwa kuma shi ne yake yanke masa iyaka.

3.1 Ma'anar Lambun Gida

Kalmar lambu tana nufin wurin da ake noman kayan miya ko kayan marmari ta hanyar ban ruwa. Akwai kuma kalmar garka, wadda a wurare da dama ake amfani da ita ga ɗan fili da aka kewaye da danga ana shuka a ciki. A wannan aiki an zaɓi a ce lambun gida domin a bambanta shi da lambun fadama, wanda sana'a ce ta maza, ana yin ta domin kasuwa. Shi lambun gida yawanci mata ne da yara da tsofaffi suke kula da shi, kuma abin da aka samu a tukunya yake ƙarewa, sai fa ɗan abin da ya yi saura a aika wa maƙwabta ko a ɗora wa yarinya talla.

Gwamnati ta taɓa sa baki a wannan harka. A shekarar 1976, bayan farin da aka yi a farkon shekarun 1970, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, inda aka yi kira ga ma'aikata da makarantu da magidanta su noma duk wani fili da ke kusa da su. Sai dai lambun gida ya girmi wannan shiri nesa ba kusa ba, kuma da shirin ya shuɗe bai tafi da shi ba.

3.2 Ruwa da Zaɓen Wuri

A yawancin ƙasar Hausa ruwan sama yana sauka ne daga watan Mayu ko Yuni zuwa Satumba, sauran watannin shekara kuwa sai abin da mutum ya ɗebo da hannunsa. Saboda haka tambayar farko ga mai son yin lambu a gida ba ita ce me zai shuka ba, a'a, ina ruwa yake bi a gidan. Duk wanda ya shiga gidajen gargajiya ya lura zai ga cewa shuka tana taruwa ne a wurare uku: bakin rijiya, gindin randa, da kuma inda ake alwala ko wanke-wanke. Ba don ado aka ajiye ta a nan ba. Ruwan da ya zube daga guga, da wanda randa take tsatsowa, da wanda aka wanke hatsi ko shinkafa da shi, duk ba a barinsa ya tafi a banza. Sau da yawa ma ba shuka aka yi da gangan ba. 'Ya'yan tumatir ko na barkono ne suka bi ruwan wanke-wanke suka tsiro, uwargida ta gani ta kewaye su da ƙaya, shi ke nan lambu ya samu.

Amma ba kowane ruwa ne yake da amfani ga shuka ba. Ruwan wanki mai yawan sabulun gari yana barin gishiri da kanwa a cikin ƙasa, a hankali sai a ga ganye yana ƙonewa daga baki-baki, ƙasar kuma ta yi fari-fari ta daskare. Ruwan kwata kuwa, ko da yake shuka tana yin kore shar da shi, haɗari ne ga abin da ake ci ɗanye kamar latas, domin yana ɗauke da ƙwayoyin cuta. Wannan ita ce matsalar da aka daɗe ana kuka da ita game da lambunan da ke bakin Jakara a Kano, kuma babu dalilin da zai sa mutum ya shigo da ita cikin gidansa.

Yadda ake ban ruwan ma yana da ƙa'ida. Ana yin fangali, watau a tayar da ƙasa ta kewaye ɗan fili kamar taku biyu ko uku, ta yadda ruwa zai kwanta a ciki ya nutse maimakon ya malale. Da sassafe ko da yamma ake bayi. Idan aka zuba ruwa da tsakar rana a bazara, lokacin da zafi yakan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato, kafin saiwa ta sha rana ta shanye rabinsa. Masu dabara sukan rufe gindin shuka da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa domin laima ta daɗe. A birni, inda ake sayen ruwa jarka-jarka a hannun 'yan garuwa, a nan ne lissafi yake fitowa fili. Magidancin da yake sayen ruwan sha ba zai yi fangali goma ba, kuma bai kamata a ɗauki hakan a matsayin lalaci ba.

3.3 Danga da Taki

Babban abokin gabar lambun gida ba tsutsa ba ce, akuya ce da kaza. Gidan da ake kiwo, in ba a yi danga ba, aikin wata guda yana iya ƙarewa kafin a idar da sallar azahar. Ana yin danga da karan dawa ko zana ko ƙaya, amma gara takan cinye kara, dole a sabunta shi kusan kowace shekara. Shi ya sa a ƙauyuka ake dasa shinge mai rai da itatuwa irin su dashi da aduruku da bini-da-zugu, waɗanda reshensu kawai ake sara a kafa ya kama.

Abin sha'awa a nan shi ne, dabbar da take ɓarnar ita ce kuma take ciyar da lambun. Kashin awaki da na tumaki da ake sharewa daga turke, a haɗa da tokar murhu, shi ne takin lambun gida. Kashin kaji ya fi ƙarfi, amma idan aka zuba shi ɗanye yana ƙona shuka, sai an tara shi ya yi makonni ya huce. Toka tana da wani aikin kuma, ana barbaɗa ta a kan ganye da safe lokacin da raɓa ba ta bushe ba domin korar ƙananan ƙwari. Haka nan ana jiƙa dakakken ganye ko 'ya'yan darbejiya a tace a yayyafa. Wannan dabara ba ta yi wa kowane ƙwaro. A shekarar 2016 tsutsar tumatir da manoma suke kira sharon ta cinye gonaki a jihohin Kano da Kaduna da maƙwabtansu, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Ita wannan tsutsa cikin ganye da cikin 'ya'ya take shiga, toka ba ta isa gare ta. Abin da mai lambun gida zai iya yi shi ne ya tsinke duk abin da ta taɓa ya binne ko ya ƙone.

3.4 Kayan Miya

Ana iya raba kayan miyar lambun gida gida biyu bisa ga lokacin shuka su. Na damina su ne kuɓewa da rama da yakuwa da lalo da karkashi da kabewa. Waɗannan tsofaffin 'yan gida ne, ba su da wahala, da ruwa ya sauka a tona a zuba iri. Kuɓewa takan fara 'ya'ya cikin kamar wata biyu, kuma sai ana tsinkar ta kowane kwana biyu ko uku, in ba haka ba ta ƙosa ta zama itace, uwar kuma ta rage haihuwa. Abin da ya fi ƙarfin tukunya a yanka a shanya, a daka a ajiye domin rani. Yakuwa kuwa babu abin yarwa a jikinta: ganyen a yi miya ko fate, furen a yi zoɓo, 'ya'yan a yi daddawar batso. Kabewa da duma ba sa cin fili, domin danga ko rufin ɗaki ake sakar musu su hau.

Kashi na biyu su ne na hunturu, watau tumatir da albasa da tattasai da latas da kabeji da karas. Waɗannan sanyi suke so, kuma yawancinsu sai an yi renon iri. Ana yafa irin tumatir a ɗan wuri mai inuwa, bayan mako uku ko huɗu a cire a dasa a fangali da yamma, a ba shi ruwa nan take. Karas ne kawai ba ya son dashe, inda aka shuka shi nan zai zauna. Wanda ya makara har tumatirinsa ya fara fure a watan Maris ko Afrilu zai ga furen yana zubewa ba tare da ya ƙulla ba, domin zafi yana hana shi ɗaukar 'ya'ya. Mutane da yawa sukan ɗora laifin a kan iri ko a kan baki, alhali kuwa lokaci ne ya wuce.

Alayyafo da zogale ba su shiga wannan rabo ba, domin muddin akwai ruwa suna yi duk shekara. Alayyafo yana isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu. Zogale kuwa, a nawa ganin, shi ne sarkin lambun gida. Reshe ake kafawa ya kama, yana jure fari, kuma yawan sara ne yake sa shi yawan ganye. Idan aka bar shi sai ya miƙe sama ya fi ƙarfin hannu, ganyen kuma ya yi kaɗan. Gidan da ke da zogale uku ko huɗu da ɗan ƙuli-ƙuli ba a kwana da yunwa a cikinsa.

Sunayen waɗannan shuke-shuke su kansu suna ba da tarihi. Albasa da na'ana'a daga Larabci aka aro su. Kabeji da karas da latas daga Ingilishi suke, alamar cewa a zamanin Turawa suka yaɗu. Tumatir da barkono kuwa asalinsu daga nahiyar Amurka ne, duk da cewa a yau da wuya Bahaushiya ta yarda cewa an taɓa yin miya babu su.

3.5 Itatuwan Marmari

Itacen da aka fi samu a tsakar gida su ne gwanda da gwaiba da lemun tsami da mangwaro, sai ruman da inabi a gidajen masu hali. Gwanda ce ta fi saurin biya, domin takan yi 'ya'ya cikin shekara guda ko ƙasa da haka. Amma tana da namiji da mace, kuma ba a gane su sai sun yi fure. Namijin yana fitar da ƙananan furanni a kan dogayen sanduna, ba ya ba da 'ya'yan kirki. Don haka ake shuka uku ko huɗu a rami ɗaya, in sun yi fure a bar macen. Gwanda tana son ruwa amma ba ta son kwanciyarsa, in ruwa ya kwana biyu a gindinta sai saiwar ta ruɓe ta faɗi.

Mangwaro shi ne yake jawo gardama. Wanda aka shuka daga ƙwallo yakan ɗauki shekara shida ko fiye kafin ya yi 'ya'ya, kuma ba lalle ne ya gaji daɗin uwarsa ba. Mai aure, watau wanda aka haɗa reshen iri mai kyau a kan gindin wani, yakan fara cikin shekara uku ko huɗu, kuma bai cika girma ƙwarai ba. A ƙaramin gida mai aure ya fi dacewa, domin babban mangwaro yana rufe tsakar gida da inuwa har kayan miya su kasa yi a ƙarƙashinsa, saiwarsa kuma tana iya tsaga ginin ƙasa. Ga kuma jifar yaran unguwa, wadda ta ɓata tsakanin maƙwabta da dama. Akwai kuma itatuwan da Bahaushe ba ya son dasawa a cikin gida ko da yana cin amfaninsu, musamman tsamiya da kuka, saboda camfin cewa matattarar iskoki ne. Ko ba camfi ma, girmansu ya fi ƙarfin tsakar gida.

3.6 Furanni

A nan ne al'adar Bahaushe ta bambanta da ta Bature. Hausa tana da kalmomin fure da huda, amma dukkansu suna nuni ne ga matakin da shuka take bi kafin ta yi 'ya'ya. Da aka zo ga shukar da ake ajiyewa domin kallo kawai, sai aka ari kalmar fulawa. Wannan ya nuna cewa abin baƙo ne, ya shigo ta gidajen Turawa da makarantu da ofisoshin gwamnati, daga nan ya bazu zuwa gidajen ma'aikata.

Wannan ba ya nufin Bahaushe bai san ƙamshi ko kyau ba. Lalle yana da fure mai ƙamshi da yake cika gida da dare, amma don ganyensa aka dasa shi, domin ƙunshi. Ɗoɗɗoya tana ƙamshi, amma miya da magani ne suka ba ta wuri a bakin randa. Shukar da ba a ci, ba a sha, ba a shafawa, da wuya tsohuwa ta ba ta ruwan da aka ja da guga.

A biranen yau al'amarin yana sauyawa. Masu sayar da dashen furanni sun yawaita a bakin manyan tituna a Kano da Kaduna, kuma sababbin gidaje da yawa an shafe tsakar gidansu da siminti, ba a bar ƙasa ko taki ɗaya ba. A irin waɗannan gidaje mata sun koma shuka a cikin buhunan siminti da tsofaffin bokitai da jarkokin da aka yanke. Ana huda ƙasan mazubin domin ruwa ya fita, a cika shi da ƙasa da taki, a jera a jikin bango inda rana take samu da safe. Alayyafo da barkono da na'ana'a suna yi sosai a haka, har da tumatir idan buhun yana da zurfi, sai dai ƙasar buhu tana saurin bushewa, a bazara dole a ba ta ruwa safe da yamma.