ILMIN HISABIN KUƊI A JAMI'A: AMFANINSA DA IYAKARSA

Duk ma'aikacin da ke cikin tsarin fanshon karo-karo, idan ya duba takardar albashinsa a ƙarshen wata, zai tarar an yanke masa kashi 8 cikin 100, ma'aikatarsa kuma ta ƙara masa kashi 10, kamar yadda Dokar Fansho ta 2014 ta tanada. Amma ba kowa ne ke tsayawa ya tambayi kansa ba, shin nawa kuɗin nan za su zama bayan shekara talatin, ina ake zuba su, kuma za su ishe shi cin abinci bayan ya ajiye aiki? Amsar waɗannan tambayoyi tana hannun mutanen da suka karanta wani fanni na ilmi a jami'a, wato hisabin kuɗi.

DARAJAR LOKACI

Abu na farko da ake koya wa ɗalibi shi ne, naira ɗaya ta yau da naira ɗaya ta baɗi ba ɗaya suke ba. Alal misali, Naira 100,000 da ke ƙaruwa da kashi 10 cikin 100 kowace shekara za ta zama 110,000 a shekarar farko, 121,000 a ta biyu, ta kai kusan 195,000 a ta bakwai, domin ribar ita ma tana haihuwa. Akwai wata ƙa'ida mai sauƙi wadda Luca Pacioli, wani malami ɗan Italiya, ya ambata a littafinsa na 1494: a raba 72 da adadin ƙaruwar, abin da ya fita shi ne shekarun da kuɗi za su ɗauka kafin su ninka. Ƙa'idar tana aiki ta baya ma. Idan farashin kaya na hauhawa da kashi 24 cikin 100 a shekara, to cikin shekara uku kacal kuɗin da aka ɓoye a akwati rabin kayan da ya saba saye kaɗai zai iya saye.

FARASHIN KASADA

Abu na biyu, wanda ya fi wuya, shi ne yadda za a yanka wa abin da ba a san ƙarshensa ba farashi. A 1693 masanin taurari Edmond Halley ya yi nazarin lissafin haihuwa da mace-mace na birnin Breslau, wanda ke cikin ƙasar Poland a yau, ya fitar da jadawalin da ke nuna mutum nawa cikin tsara guda ke kaiwa shekaru kaza. Da wannan jadawali ya nuna cewa bai kamata yaro da dattijo su biya kuɗi ɗaya ba wajen sayen fanshon rai-da-rai. Daga nan aikin masu lissafin inshora da fansho ya samo tushe.

A 1900 kuma wani ɗalibi Bafaranshe, Louis Bachelier, ya gabatar da kundin digirinsa na dakta a birnin Paris, inda ya bayyana hawa da saukar farashi a kasuwar hannun jari da lissafin tafiyar da ba ta da alƙibla, shekara biyar kafin Einstein ya yi amfani da irin wannan lissafi a kimiyya. Aikin nasa ya kwanta fiye da shekara hamsin ba a kula da shi sosai ba. A 1952 Harry Markowitz na Amurka ya nuna da alƙalumma yadda rarraba jari tsakanin harkokin da ba sa faɗuwa tare ke rage kasada.

Daga bisani, a 1973, Fischer Black da Myron Scholes da Robert Merton suka warware wata matsala da ta daɗe. Misalinta shi ne, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ya biya wani ɗan kuɗi yau domin a ba shi damar sayen buhun masara a kan tsayayyen farashi nan da wata uku. Idan masara ta yi tsada ya saya, idan ta yi araha ya fasa. To, nawa ya kamata ya biya domin wannan dama? Amsar da suka bayar ta sa aka ba Scholes da Merton kyautar Nobel a 1997, bayan Black ya rasu a 1995.

INDA LISSAFI YA GAZA

Sai dai shekara ɗaya bayan wannan kyauta, kamfanin zuba jari na Long-Term Capital Management, wanda su biyun ke cikin manyansa, ya yi asarar kimanin dala miliyan dubu 4.6 cikin ƙasa da wata huɗu, bayan Rasha ta kasa biyan bashinta a watan Agusta na 1998. Sai da manyan bankuna da kamfanonin kuɗi 14 suka haɗa dala miliyan dubu 3.6 aka hana ɓarnar yaɗuwa. Kamfanin ya ci bashi mai yawa ne bisa zaton cewa kasuwanni daban-daban ba za su faɗi lokaci guda ba, alhali ranar firgici kowa sayarwa yake yi. Irin wannan zato ya sake bayyana a rikicin bashin gidaje na Amurka a 2008. Saboda haka malamin kirki yakan fara nuna wa ɗalibi sharuɗɗan da aka gina kowace ƙa'ida a kansu, kafin ya koya masa aiki da ita.

GA ƊALIBANMU

Ɗalibin da ke sha'awar wannan fanni zai sha aljabara da kalkulas, da lissafin yiwuwa, da ƙididdiga, da rubuta manhajar kwamfuta, tare da tattalin arziki. Jami'ar Legas da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suna da sashen lissafin inshora, wasu kuma sukan fara da digirin lissafi zalla sa'an nan su ƙware a digiri na biyu.

Wasu iyaye suna ɗari-ɗari da fannin don tsoron riba. Ya kamata a tuna cewa littafin Al-Khawarizmi na Bagadaza, wanda kalmar aljabara ta fito daga sunansa a ƙarni na tara, babban sashensa a kan wasiyya da rabon gado yake. Haka nan Bankin Jaiz, da ya fara aiki ba da kuɗin ruwa ba a 2012, da takardun sukuk na Naira miliyan dubu 100 da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2017 domin gina hanyoyi, duk suna bukatar wanda zai lissafa haya da riba da kasada daidai wa daida.

Dukiyar ma'aikata da ta marayu amana ce a hannun mai riƙe da alƙalami. Ƙasa tana bukatar matasan da suka iya lissafin, waɗanda kuma za su iya ce wa manyansu, nan lissafi ya tsaya, a taka sannu. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.