Kafin Ka Sayi Babur Ɗinka Na Farko

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayu, 2023, mutane da yawa da ba su taɓa tunanin hawa babur ba suka fara tambayar kuɗinsa. Ma'aikacin da ya jingine motarsa a gida, malamin makarantar da kuɗin mota ke cinye rabin albashinsa, ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin shago da sito, duk sun juya wajen mai ƙafa biyu. Sai dai shi ma babur bai tsaya jiran kowa ba. Mafi yawansu daga Indiya da Sin ake shigo da su, don haka da naira ta faɗi, sabon Boxer ya haura naira miliyan ɗaya. Abin da ya kai wannan kuɗi ba a sayensa da ka.

Babur na farko na koyo ne. A kansa za ka kashe inji a tsakiyar titi, a kansa za ka ɗan faɗi a yashi, a kansa za ka gane bambancin birkin gaba da na baya. Saboda haka ƙarami ya fi dacewa da kai, mai inji cc 100 zuwa 125. Wannan cc ɗin ma'aunin girman cikin inji ne: yana ƙaruwa, ƙarfi da nauyi da shan mai na ƙaruwa. A wannan aji ne za ka sami Boxer na kamfanin Bajaj da TVS, dukansu na Indiya, da Ace na Honda, kamfanin da ke da masana'anta a Ota ta jihar Ogun tun 1979, sai na Sin irin su Jincheng, Lifan da Haojue. Akwai kuma roba-roba, wadda ba ta da kulocin hannu, sai dai ka sassauta totur ka taka giya. Ga mai yawon cikin gari wanda ba ya ɗaukar kaya masu nauyi, ta fi sauƙin koyo, ko da samarin unguwa za su ce ta mata ce. Su faɗa. Manyan baburan nan masu ruri da ake gani a Abuja da Legas kuwa, ba na sabon shiga ba ne, ko da kuɗin na aljihunka.

Kada ka tsaya kallo kawai, hau ka zauna. Ƙafafunka biyu su taɓa ƙasa ba tare da ɗage ba. Sauka ka tura shi gaba da baya, ka ɗora shi a kan babban jak ka sauke. In wannan ya gagare ka a gaban shago, zai fi gagarar ka a lungu mai kwata.

Kafin ka je wurin mai sayarwa, fara zuwa wurin bakaniken unguwarku. Tambaye shi wane babur ya fi gyarawa, wanne ne kayansa ke samuwa a shagon kusa ba sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano ko Nnewi ta jihar Anambra ba. A ganina wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Babur mai kyan gani wanda ba kowa ke da irinsa ba, ranar da ƙaramin abu ya lalace a jikinsa zai yi makonni a jingine yana shan ƙura. Wanda ya cika gari kuwa, ko a ƙauye ya tsaya maka za a sami yaron da ya san cikinsa, kuma ranar da ka tashi sayarwa ba za ka rasa mai saye ba. Illarsa ɗaya: ɓarayi ma sun san haka. Sanya kuɗin sarƙa da kwaɗo mai kyau cikin lissafinka tun yanzu.

Sabo dal a kwali yake zuwa, a kasuwa ake haɗa shi, sau da yawa yaran shago ne ke haɗawa cikin gaggawa. Tsaya a kansu, ko ka zo da bakanikenka ya bi notuna ɗaya bayan ɗaya, musamman na tayoyi da na kan babur, ya kuma tabbatar an zuba baƙin mai. Sabon inji ba ya son gudu da lodi a farkon rayuwarsa. Littafin da ke cikin kwalin ya faɗi tsawon tafiyar da za a lallaɓa shi da lokacin juyen mai na farko, yawanci wajen kilomita 500. Karɓi littafin, kada a bar shi a shago.

Na hannu shi ne inda aikin yake. Je da sassafe, kafin a tayar da shi. Dillali zai tare ka da cewa, "Alhaji, wannan na wani malami ne, daga gida sai ofis, ko goyo bai taɓa yi da shi ba." Ka ce masa madalla, sannan ka kai bayan hannunka kusa da injin. In da ɗumi, an riga an tayar da shi kafin ka iso, kuma inji mai ciwo ya fi ɓoye ciwonsa in ya yi zafi. Injin lafiya yana tashi a bugu ɗaya ko biyu ko da ya kwana, ya tsaya da kansa ba tare da ana murza masa totur ba. Zagaya baya ka kalli salansa: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi na nufin inji na ƙona baƙin mai, wato ringi ya tafi, buɗe inji na jiranka. Banda tsofaffin babura irin AX100 waɗanda dama suke ƙona baƙin mai tare da fetur, su hayaƙi ɗabi'arsu ce. Zaro ma'aunin mai ka shafa a yatsa. In ka ji tsakuwa-tsakuwa ko ka ga ƙyallin ƙarfe, ka yi sallama.

Daga nan durƙusa. Dubi haƙoran faranti da sarƙa ke bi: in sun yi tsini sun lanƙwashe kamar ƙugiya, babur ya sha tafiya, komai abin da agogonsa ya nuna, don agogon ba wuya a cire masa waya. Leƙa ƙarƙashin tanki da wuyan babur ka nemi tabon walda ko sabon fenti a wuri ɗaya, alamar ya taɓa karyewa. Tsaya a bayansa ka hango ko tayar baya da ta gaba na kan layi ɗaya. A gefen taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, 2321 na nufin mako na 23 na 2021. Tsohuwar taya tana tsattsagewa ko da zanenta bai cinye ba. Sai bakanikenka ya hau ya zaga, ya ji ko giya na faɗuwa da kanta, ko kan babur na ja gefe ɗaya. Ba shi ɗan abin shan ruwa, ya fi la'adar dillali amfani a gare ka.

Duk wannan bai kai takarda ba. Kowane babur yana da lamba biyu da aka buga a ƙarfe, ta inji da ta jiki, wadda galibi take a wuya. Karanta su da idonka, harafi bayan harafi, ka gwada da abin da ke rubuce a rasiɗin asali. In ka ga wurin an kankare, ko an ce rasiɗi ya ɓata amma za a rage maka kuɗi, tashi ka bar wurin. Araha ba ta ado. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa, kuma ranar da mai shi ya gane abinsa, a hannunka za a kama. A rubuta takardar ciniki da sunan mai sayarwa da adireshinsa da lambobin nan biyu, shaidu su sa hannu, in da hali a gaban shugabannin masu sayar da babura na kasuwar ko mai unguwa. Wanda zai karɓi babur bashi yana biya kaɗan-kaɗan kuma, ya tara jimillar abin da zai biya har ƙarshe, ya kuma tambayi abin da zai faru in ya gaza biya na wata ɗaya.

Kada kuɗinka ya ƙare a kan babur ɗin. Akwai rajista da lamba, akwai lasin na aji A wanda ba a ba wanda bai kai shekara 18 ba, akwai inshora wadda hukumar NAICOM ta sa naira 3,000 ga babur daga Janairun 2023. Sai hular kwano. Da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sanya ta ranar 1 ga Janairu, 2009, an ga 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka don kauce wa kamu, aka yi ta dariya. Abin ba na dariya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular da aka sa daidai tana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da abin da ya kai kashi 74 cikin 100. Nemi mai kaurin soso a ciki, mai tambarin ECE ko DOT, wadda ta kama kanka ba ta juyawa, ka kuma ɗaure igiyarta a haɓa. Hular leburorin gini ba ta wannan aiki ba ce. Ta hannu ma a guje ta, don wadda ta taɓa bugun ƙasa ta gama aikinta ko da ba a ga tsaga ba.

Bincika dokar garinku kuma. Kano ta hana goyo a babur tun Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. Abuja ta kori acaɓa daga tsakiyar birni a 2006. A Nijar an hana hawa babur a jihar Diffa a 2015 saboda tsaro, haka wasu ƙananan hukumomin Zamfara da Katsina sun sha irin wannan doka. Irin waɗannan dokoki suna canzawa, don haka tambayi wanda ke hawa a yau.

Ranar da ka saya, bari wanda ya iya ya kai maka shi gida. Koyo a filin makaranta ko filin idi ake yi, ba a bakin kasuwa ba. Abin da ya fi wahalar shiga hannu shi ne sakin kuloci a hankali da kama birki. Masu koyo da yawa na tsoron birkin gaba don an ce yana kayarwa, alhali shi ke yin mafi yawan aikin tsayarwa. Abin da ke kayarwa shi ne damƙe shi farat ɗaya, ko kama shi a kan yashi ko cikin kwana. Koyi matsa su biyun tare, a hankali sannan da ƙarfi. Sa takalmi rufaffe, silifa na zamewa daga kan giya, salansa kuma na ƙona ƙwauri. In babbar riga ce a jikinka, tattare ta ka zauna a kai. Kada ka ɗauki kowa sai hannunka ya faɗa, domin nauyin mutum na biyu yana canza yadda babur ke tsayawa da yadda yake shan kwana. Ranar da ka fara ɗaukar uwargida kuwa, kafin ka tayar, juya ka tabbatar bakin hijabinta da zaninta ba sa lilo kusa da sarƙa da wayoyin tayar baya.