Dodon Bango Ya Shiga Wayar Hannu

Suna biyu kakanninmu suka raɗa wa hoto mai motsi sa'ad da ya shigo ƙasar nan. Na farko majigi, wanda kowa ya sani. Na biyu kuwa, wanda yaran yanzu ba su cika ji ba, shi ne dodon bango. Wanda ya fara faɗin wannan suna abin da ya gani ya faɗa: ga mutum a jikin farin ƙyalle yana tafiya yana magana, in ka zagaya baya ba kowa. To, yau ga shi Turawa sun zana dodon da kansa, sun sa shi cikin fim na ban dariya domin yara, fim ɗin kuwa ya iso Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi a cikin wayar hannu. Abin da mu ke so mu duba tare da malaman makaranta da ma'aikatan ofis masu 'ya'ya shi ne yadda yaranmu su ke karɓarsa, gama ba dukansu su ke dariya ba, masu tsorata kuma ba a wuri ɗaya su ke tsorata ba.

Tambayar nan ta girme mu. Jirgin ƙasa ya iso Ƙaura a cikin 1929, yana kwasar gyaɗa da auduga. A wajen waɗannan shekaru ne wani Bature ma'aikacin tsabta a Ikko, William Sellers, ya soma yawo da majigi yana koya wa jama'a kiwon lafiya. A cikin 1939 Gwamnatin Ingila ta kafa ofishin shirya finafinai domin ƙasashen da ta ke mulki, aka ba shi riƙonsa. Ra'ayin Sellers shi ne mutumin ƙauye ba ya gane hoto sai an bi da shi sannu sannu, kada a yi masa dabarar kyamara ko kaɗan. Turawa suka yi ta yawo da labarin wai an nuna sauro ya cika ƙyalle, masu kallo suka ce ai su nasu sauron bai kai haka ba, saboda haka ba ruwansu. Amma a cikin 1952 wani masani, Peter Morton-Williams, ya zauna a ƙauyukan Nijeriya, har da Soba ta ƙasar Zazzau, yana kallon masu kallo. Ya tarar mutane suna gane hoton sarai. Inda su ke rabuwa da mai fim shi ne wajen fassara, domin kowa da ma'aunin gidansu ya ke auna abin da ya gani. Mun kawo wannan ne don har yanzu akwai malamanmu masu ɗaukar yara yadda Sellers ya ɗauki iyayensu.

Finafinan da mu ke magana a kansu ba boyayyu ba ne. Akwai Scooby-Doo, wanda aka fara a Amurka a cikin 1969: wani matsoracin kare da abokansa samari suna bin sawun fatalwa, a ƙarshe a tuɓe mata fuska a ga ashe mutum ne mai son cin dukiyar wani. Akwai Monsters, Inc. na 2001, inda dodanni su ke tsorata yara don aikinsu ke nan, alhali kuwa su ma tsoron yaran su ke ji. Sa'an nan Hotel Transylvania na 2012, labarin Dirakula mai shan jini, wanda ya gina masauki domin dodanni su ɓuya daga sharrin mutane, ya kuma kulle 'yarsa a ciki. Yaro ba ya bukatar Turanci kafin ya bi su. A shagon masu tura fim a ke zuba su cikin memori da kuɗi kaɗan, sai ka ga yara takwas sun haɗa kai a kan waya ɗaya a zaure. Ko a watan Satumba na 2021, da aka yanke layukan waya a Jihar Zamfara, aka rufe makarantu da kasuwannin mako, abin da ke cikin memori bai tafi ko'ina ba. Yaran da ke zaune a gida sun kalle shi har sun haddace.

Ga abin da mu ke gani wajen zagayen makarantu, malamai da dama kuma sun shaida mana irinsa. 'Yan aji ɗaya da na biyu siffa su ke tsoro. In dodo ya fito da haƙora ko ido ɗaya, sai kuka, ko da shi ne mai kirkin cikin labarin, ko da yana rawa. 'Yan aji biyar da shida kuwa dodon nan shi ne abin dariyarsu, har su riƙa kwaikwayon tafiyarsa a filin wasa suna tsokanar ƙannensu. Wata malama a Jami'ar Wiskonsin ta Amurka, Joanne Cantor, ta shafe shekaru tana binciken wannan, abin da ta samu kuwa ya yi daidai da namu: ƙaramin yaro mummunar kama ke firgita shi, kuma ce masa "ba gaskiya ba ne" ba ya yi masa magani sosai, gara a jawo shi jiki. Wanda ya tasa kuwa, abin da ya san yana iya faruwa da gaske shi ke hana shi barci.

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta shafe mu a arewacin Zamfara. A tsakiyar Hotel Transylvania akwai wani ɗan wuri, bai daɗe ba, inda Dirakula ya ke tuna yadda matarsa ta mutu: taron mutane sun zo da dare da wuta a hannu, sun kewaye gidan, sun cinna masa. Mai shirya fim ya sa shi ne don a tausaya wa dodo. A wata makaranta da ta karɓi yaran da iyayensu suka gudo daga ƙauyukan Zurmi, wani malami ya nuna fim ɗin ranar Alhamis bayan tashi, da kyakkyawar niyya. Ajin ya yi ta shewa tun farko, ƙwarangwal ya fito an yi dariya, gawa mai naɗe da tsumma ta fito an yi dariya. Da aka zo wurin wutar nan sai ajin ya rabu biyu. Yaran gari suka ci gaba da kallo. Waɗansu daga cikin baƙin suka sunkuyar da kai, wata yarinya ta tashi ta fita ba ta ce wa kowa kome ba, aka same ta a bayan aji ta toshe kunnuwa. Dodannin ba su dame ta ba. Mutanen ne ta gane.

Kada wani ya ce maganin abin a hana yara labarin dodo gaba ɗaya. Wanda ya faɗi haka ya manta da ɗakin kakarsa. Littafin tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, wanda da yawa daga cikinsa malaman Sakkwato ne suka rubuta, cike ya ke da Dodo: ya tsare ruwa, ya haɗiye mutane, sa'an nan yaro ko Gizo ya yi masa wayo, a tsaga cikinsa kowa ya fito da rai. Dodon tatsuniya ƙato ne amma wawa, tsoro da dariya tare su ke tafiya a kansa. Haka tashe a watan azumi, yara su shafa baƙin tukunya su sa gemun auduga, ƙanana su ruga bayan uwa, manya su ba da sadaka suna dariya. Abin da ya bambanta shi ne mai ba da tatsuniya tana ganin fuskar jikanta a hasken fitila. In ta ga ido ya raina fata sai ta rage wa Dodo tsawo, ta gaggauta kawo Gizo. Waya ba ta ganin fuskar kowa.

Iyaye kuma da tasu damuwa, ba mu kuwa raina ta. Dattijo ya leƙa ya ga mai shan jini an mai da shi uba nagari, sai ya ce wannan ai maye ne a ke koya wa yara so. A wurin Bature Dirakula tsohon labari ne da ya zama abin wasa. A wurinmu kalmar maye ba wasa ba ce, ana jifan tsohuwa da ita a unguwa ta rasa mai sayen ƙosanta. Malamin da ya nuna irin wannan fim bai gaya wa iyaye ba, ranar taron iyaye da malamai zai sha tambaya, kuma da gaskiyarsu. A nan Scooby-Doo ya fi sauƙin karewa, don galibi ƙarshensa fatalwa ƙarya ce, mai haɗama ne ya ɓad da kama.

Majigin da a ke kafawa a ƙofar fada a zamanin En'e yana da abu ɗaya da ya kamata mu aro. Ba a sakin fim shi kaɗai. Akwai mai sharhi a tsaye da lasifika, yana fassara, yana ba'a, yana faɗa wa jama'a abin da ke zuwa, har waɗansu dattawa sun fi tuna muryarsa bisa ga hoton. Malamin da zai nuna wa ajinsa fim ɗin dodo shi ne mai sharhin nan. Ya kalle shi tukuna shi kaɗai daga farko har ƙarshe, ya rubuta mintin da wuta ko hari ko rabuwa da uwa ya ke, ya tsallake wurin ko ya tsai da fim ya yi magana. Ya nuna da rana, taga a buɗe. Ya raba 'yan aji ɗaya da 'yan aji shida. Ya duba rajista ya san waɗanda suka zo daga ƙauyukan da aka tasa, ya zaunar da su kusa da shi, ƙofa kuma a bar ta a buɗe domin wanda ya so fita ya fita ba sai ya ɗaga hannu ba.