Idan ɗan maƙwabci ya kama jijjiga

Daga watan Agusta zuwa Oktoba masassarar cizon sauro takan yi yawa a ƙasarmu. A wannan lokaci ne ake yawan jin kururuwa daga bayan danga: yaro ya sanƙare, idanunsa sun juye, hannuwa da ƙafafu suna karkarwa, kumfa tana fita daga baki. Ita ce jijjiga, wasu kuma su ce taune-taune. Uwar yaro takan ruɗe, ba kuwa laifinta ba ne. Sau da yawa mai gida yana gona, ko ya tafi bida. Wanda ya fara shigowa gidan maƙwabci ne ko maƙwabciya. To, mai karatu, in kai ne ka shigo, ga abin da ya kamata ka sani.

Yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 yana iya yin jijjiga in jikinsa ya yi zafi ƙwarai. Yawancin irin wannan takan tsaya da kanta kafin minti 5. Amma a wurinmu ba a sakin jiki da ita, domin tana iya zama alamar masassara mai tsanani wadda ta taɓa ƙwaƙwalwa. Da rani kuma, lokacin ƙura da zafi, tana iya zama sanƙarau. Ba mu manta da annobar 1995 da ta 2015 ba. Da ido ba a iya rarrabe su a gida. Sai an auna a gidan likita.

A kwantar da shi a kan haƙarƙari

Abu na farko, a karɓi yaron a hankali, a kwantar da shi a kan tabarma, nesa da murhu da ruwan zafi. A juya shi ya kwanta a gefe guda, bakinsa yana kallon ƙasa kaɗan. Dalili shi ne, in ya yi amai ko miyau ya taru, sai su zube waje, ba za su koma hanyar numfashi ba. A sa zane mai laushi a ƙarƙashin kansa. A cire masa tufafi masu nauyi. A ce wa jama'a su ja da baya ya sha iska.

Kada a danne shi. Dannewa ba ta tsayar da jijjiga, sai dai ta jawo targaɗe ko karaya.

Wani ya dubi agogo ko salula, ya riƙe lokacin da abin ya fara. Wannan aiki ne na wanda ya iya karatu. A cikin tashin hankali minti 2 sai ya yi kamar awa guda, shi kuwa malamin likita zai tambaya: minti nawa ta yi? Sau nawa ta dawo?

Kada a sa kome a bakinsa

Nan ne aka fi yin ɓarna, kuma masu ƙaunar yaron ne suke yin ta. Wani ya kawo cokali ya tura tsakanin haƙora, wai kada yaro ya haɗiye harshensa. Mutum ba ya haɗiye harshensa. Cokali kuwa yana karya haƙori, yana yanka dasashi, jini ya zuba a maƙogwaro. Wata ta kawo ruwa, wata ta kawo jiƙo, wata ta kawo man shanu, a matse hancin yaro a ɗura masa. Yaron da yake jijjiga, ko wanda bai farfaɗo ba, ba ya iya haɗiya. Abin da aka ɗura masa huhu yake tafiya. Yana iya shaƙewa nan take, ko kuma ya kamu da ciwon huhu bayan kwana kaɗan. Ko maganin likita ne, irin su farasitamol, ba a ba shi ta baki sai ya farka sosai.

Haka nan turare da hayaƙi. Yaron da numfashi yake yi masa wuya, hayaƙi ƙara masa wahala yake yi. Kada a kanga ƙafafunsa a wuta. Kada a sa masa barkono ko albasa a ido. Kada a tsoma shi cikin ruwan randa. In jikinsa ya yi zafi, a jiƙa ƙyalle da ruwa mai ɗumi-ɗumi a shafa masa, a yi masa fifita.

Hana kakar yaro abin da ta saba yi ba abu ne mai sauƙi ba, balle a gidan da ba naka ba. Faɗa ba ya amfani a nan. A yi mata magana da ladabi: "Inna, ki yi haƙuri, a bar rubutun nan sai ya farka ya iya haɗiya. Ki yi ta yi masa addu'a, mu kama hanya." Addu'a ba ta hana tafiya likita, a bisa hanya ma ana yin ta.

Tafiya gidan likita

Tun ana kwantar da yaro, wani ya ruga neman kabu-kabu, ko mota, ko amalanke. In jijjiga ta wuce minti 5 ba ta tsaya ba, kada a jira ta tsaya, a tafi da shi haka nan. In ta tsaya ma, a tafi a ranar, ko da tsakar dare ne. Alamun da suke nuna abin ya yi tsanani su ne: yaro bai farfaɗo ba, ko ya kasa shan nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko wuyansa ya sanƙare, ko maɗigar jinjiri ta kumbura, ko tafin hannunsa ya yi fari fat. Masassara mai tsanani tana iya kashe yaro cikin kwana ɗaya.

A kan hanya kada a goya shi a rufe da zane. Babba ya rungume shi a gefe, inda zai riƙa ganin fuskarsa da numfashinsa. A ɗauki karnen awo, da duk maganin da aka ba shi a gida, har da na ɗan tebur, a nuna wa malamin likita.

Abu biyu sukan tsayar da uwa a ƙofar gida: rashin izinin miji da rashin kuɗi. A nan ne maƙwabci yake da amfani. Ya kira mai gidan ta salula. In bai same shi ba, ya sanar da wan miji ko mai gari, ya ce shi ya ɗauki nauyin tafiyar. Game da kuɗi, a shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta yanke cewa a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a gidajen likita na gwamnati. Duk da haka a riƙe ɗan abin da ya samu, saboda kuɗin mai, kuma wani lokaci magani yakan yanke sai an saya a waje.

A gidan likita akwai maganin tsayar da jijjiga wanda ake sawa ta dubura ko ta jijiya. Za a ɗauki ɗigon jini a yatsa, cikin minti 15 zuwa 20 a san ko masassarar sauro ce. In mai tsanani ce, allura ake yi, ana maimaita ta bayan awa 12, da kuma bayan awa 24. In aka ce a wuce babban asibiti, a wuce. Kada a koma gida wai a yi shawara tukuna. Wani yaron jininsa ya ƙare, sai an yi masa ƙarin jini. Maƙwabci baligi mai lafiya yana iya ba da nasa in an auna ya dace, jikinsa kuma zai mayar da abin da aka ɗiba.

Bayan allura ana ba da ƙwayoyi na kwana 3. A sha su duka, ko da yaro ya tashi yana wasa. Maƙwabciya ta kula da sauran yaran gidan da tukunyarsu har uwar ta dawo. Tun yanzu kuma, kafin wani dare ya zo da irin wannan, mai karatu ya rubuta lambar salular mai kabu-kabu biyu da ta malamin likita a takarda, ya liƙa a bangon zaure.